Tarihin Ludwig Bolzman, da Gardamar da Muka Yi a kan Ƙanƙara

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, na san waɗansunku za su yi mamakin ganin na ɗauko tarihin wani Bature wanda ya mutu fiye da shekara 100 da suka wuce a wata ƙasa mai nisa, alhali ga mazajen ƙasarmu nan ba a gama ba da labarinsu ba. To, ku yi mini haƙuri, ruwa ba ya tsami banza. Gardama ce ta kai ni gare shi, gardamar kuwa a kan ƙanƙarar da mahaifiyata ke sayarwa a Gusau ta tashi.

Ga yadda aka yi. A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na Fiziks ya koya mana Doka ta Biyu ta ilmin zafi da aiki, watau tamodainamiks. Ya ce zafi ba ya tashi da kansa daga abu mai sanyi ya shiga mai zafi, kamar yadda ruwan gulbi ba ya juyawa ya hau tudu. Ya ce kuma akwai wani ma'auni da ake kira entirofi, wanda ke nuna yadda zafi da ƙwayoyin abu suka watsu, kuma bisa ga wannan doka entirofi ba ya raguwa, sai dai ya ƙaru. Muka rubuta, aka buga ƙararrawa, kowa ya kama gabansa.

Da dare a ɗakin kwana, sai wani abokina mutumin Tsafe, wanda ba a kayar da shi a gardama, ya tayar da maganar. Ya ce shi fa bai yarda ba. Ya nuna ni, ya ce ga ɗan mai ƙanƙara nan a tambaye shi, ashe ba ruwa mai ɗumi Inna ke ƙullawa a leda ta sa a firiza ba, gari ya waye ya zama kamar dutse? Ya ce to ina zafin ya tafi, in ba daga cikin sanyi ya fito ya shiga ɗaki mai zafi ba? Ko dai dokar ƙarya ce, ko kuwa Inna tana da asiri. Ɗaki ya kaure da dariya. Ni ma na yi yaƙe, amma abin ya sosa mini rai, domin tun da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa bara, wannan ƙanƙara ita ce kuɗin motata, ita ce sabuluna da littattafaina, ga shi kuma an kafa ni da ita a gaban jama'a na kasa cewa uffan.

Kashegari na sami Malam a ɗakin gwaje-gwaje, na kwashe labari na gaya masa. Na zaci zai ce mu bar wasa da karatu. Sai ya yi murmushi, ya ce tambayar abokina tana da kyau, kuma akwai yayarta wadda ta fi ta wuya, wadda wani babban malami ya shafe shekara 30 yana fama da ita. Ya ara mini littafin tarihin malamin, ya ce in na gama in dawo mu yi lissafin ƙanƙarar tare. A littattafai ana rubuta sunan mutumin Ludwig Boltzmann, amma da yake harshenmu ba ya son cunkoson baƙaƙe, Bolzman zan riƙa rubutawa.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Bolzman a Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya, ran 20 ga Fabrairu, 1844. A nan ƙasarmu zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ke nan a Sakkwato. Ubansa ma'aikacin haraji ne na gwamnati, aiki ya yi ta yawo da shi har suka zauna a garin Linz, inda yaron ya yi makarantar sakandare. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, mai son tara ƙwari da ganyayen tsirrai, ga shi kuma da son kiɗan fiyano, wanda bai rabu da shi ba har tsufansa. A 1859, yana da shekara 15, tarin fuka ya kashe ubansa. Da na zo wannan wuri sai da na rufe littafin na ɗan jima, don ni ma shekaruna ke nan sa'ad da namu ya tafi. Uwarsa ce ta tsaya tsayin daka a kan karatunsa, ba ta yarda ya yanke ba.

A 1863 ya shiga Jami'ar Biyana, a 1866 ya sami digirin dakta yana da shekara 22. Malaminsa, Yosef Sitefan, ya ba shi takardun wani masani na Biritaniya mai suna Makswel ya karanta, da ya ga yaron ba ya jin Turancin Ingilishi sai ya haɗa masa da littafin nahawu. Da nahawun nan da ƙamus ya yi ta fama har ya fahimci abin da ke ciki. Ashe ba mu kaɗai Ingilishi ya taɓa ba wa wuya ba. A 1869, yana da shekara 25 kacal, aka naɗa shi farfesa a Jami'ar Giraz.

Dokar da ya tarar

Ba Bolzman ne ya gano Doka ta Biyu ba, tarar da ita ya yi. Asalinta daga injin tururi ne, irin wanda ke jan tsohon jirgin ƙasa mai cin gawayi, wanda kakanninmu ke ba da labarin sun gani a tashar Gusau. A 1824 wani injiniya Bafaranshe, Sadi Karno, ya nuna cewa inji ba ya iya yin aiki sai zafi ya gangara daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi. A 1850 Bajamushe Rudolf Kilausiyus ya tsara dokar sosai, a 1865 kuma ya raɗa wa ma'aunin suna entirofi. Lissafinsa ba shi da wuya: in zafi ya shiga abu, a raba yawan zafin da ya shiga da matsayin zafin abin a ma'aunin Kelbin, abin da aka samu shi ne ƙarin entirofi. In zafin fita ya yi, ragi ne.

Kowa ya yarda dokar tana aiki, don ba wanda ya taɓa ganin shayi mai sanyi ya ɗumama kansa a kofi. Abin da ba a sani ba shi ne dalili. Bolzman yana cikin masu cewa kowane abu, da iska da ruwa da dutse, an yi shi ne da ƙananan ƙwayoyin zarra waɗanda ido ba ya gani, masu kai da komo ba hutawa, kuma abin da muke kira zafi motsinsu ne. In haka ne, in ji shi, lalle a iya fitar da Doka ta Biyu daga dokokin motsi na Niyuton, waɗanda muka koya tun aji na baya. A 1872 ya buga wani dogon lissafi da ya nuna cewa in ƙwayoyin iska suna ta karo da juna, komai rashin daidaiton da suka faro da shi, a hankali za su daidaita gudunsu, entirofi kuma ya yi ta hawa har ya tsaya. Yana da shekara 28, ya ɗauka ya kashe bakin zance.

Tambayar abokinsa

Shekarar 1876 ta zo masa da abu biyu. Na farko aure. Matarsa, Henriyeta fon Aigentila, ta nemi ta riƙa sauraron darussan lissafi da Fiziks a Jami'ar Giraz aka hana ta don ita mace ce, shi ne ya ba ta shawara ta ɗaukaka ƙara, ta ɗaukaka ta kuma ci nasara. Suka haifi 'ya'ya 5, mata 3 maza 2. Ya sayi gona a bayan gari, har ana ba da labari cewa ya sayi saniya ya koro ta da kansa ta tsakiyar gari, sa'an nan ya je wajen farfesan ilmin dabbobi yana tambayar yadda ake tatsa. Da a Bunguɗu yake, da ɗan shekara bakwai ya koya masa kyauta.

Abu na biyu tambaya ce, daga bakin babban amininsa Yosef Loshmit, wanda ya girme shi da shekara 23. Bari in kwatanta muku ita da abin da muka sani. Bayan taron safe, ɗalibai sun bar layi sun watse cikin fili. To, a ce firfet ya busa usur, kowane ɗalibi ya juya nan take ya bi sawunsa daidai, da irin saurin da ya zo da shi, me zai faru? Ai kowa zai koma layinsa. Loshmit ya ce haka ƙwayoyin iska suke, domin dokokin Niyuton ba su san gaba da baya ba, duk motsin da suka halatta sun halatta kishiyarsa. In akwai hanyar da ƙwayoyi ke bi su watse, akwai wadda za su bi su taru, entirofi ya ragu. To, ta yaya za a fitar da doka mai fuska ɗaya daga dokokin da ke da fuska biyu?

Abin da ya fi burge ni a tarihin mutumin nan shi ne bai yi fushi ba, bai kuma ce abokinsa hassada yake yi ba. Ya duba, ya ga maganar gaskiya ce, ya amsa cewa lalle akwai irin wannan motsi. Sa'an nan ya koma ya zauna, a 1877 ya fito da aikin da ya fi dukan ayyukansa daraja.

Ƙirgen hanyoyi

A wannan karo, maimakon bin kowace ƙwaya a ga inda za ta, sai ya ce a ƙirga yawan hanyoyin da za a iya jera ƙwayoyin ba tare da kamannin abin ya canja ba. Na gwada wannan da kaina a hutun da ya wuce. Na sami faifai na ja layi da gawayi a tsakiya, na zuba ƙwayar wake 4 na riƙa girgizawa. Kowace ƙwaya ko ta faɗa dama ko hagu, don haka hanyoyin duka 16 ne. A cikinsu, hanya 1 tak ce ke tara dukan waken a hagu, amma hanyoyi 6 ne ke raba shi biyu da biyu. Shi ya sa an fi ganin waken a rarrabe, ko da yake jifa-jifa nakan ga duka huɗun sun taru a hagu. In wake 10 ne, taruwarsu a hagu hanya 1 ce cikin 1,024. In wake 100 ne, hanya 1 ce cikin wata lamba mai alƙaluma 31. To, ina ga ruwa? Giram 18 na ruwa, watau abin da bai wuce kurɓi ɗaya ba, yana ɗauke da ƙwayoyi kimanin 6 da sifili 23 a bayanta.

Wannan shi ne entirofi a wajen Bolzman: ma'aunin yawan hanyoyi. Halin da ke da hanyoyi da yawa shi ne mai babban entirofi. Abubuwa suna tafiya daga taruwa zuwa watsewa ne don hanyoyin watsewa sun rinjayi na taruwa rinjaye marar misali, in ka bar ƙwayoyi suna ta karo a makance, can za su ƙare. Ba abin da ya haramta wa iskar ajinmu ta tattaru a lungu ɗaya ta bar mu muna haki, sai dai yiwuwar haka ta yi ƙanƙanta har ba mahalukin da zai taɓa gani. Da wannan ya amsa wa Loshmit: motsin komawa baya yana nan, amma samunsa ya fi neman allura a cikin gulbi wuya.

A 1886 ya yi wata lacca a Biyana inda ya kai maganar har kan masu rai. Ya bayyana cewa tsirrai suna shimfiɗa ganyensu ne don su tare hasken da ke gangarowa daga rana mai tsananin zafi zuwa ƙasa mai sanyi, su yi amfani da wannan gangara su gina jikinsu. Watau in ka ga ƙwayar gero ɗaya ta zama zangarniya a gonakin gindin dutsen Kwatarkwashi, an sami tsari daga ƙasa da ruwa da iska, amma rana ce ta biya.

Shekarun gwagwarmaya

Sunansa ya kai ko'ina, amma hankalinsa bai kwanta ba. Uwarsa ta mutu a 1885. A 1889 babban ɗansa ya mutu yana yaro, wannan rashi ya girgiza shi ƙwarai. Daga nan sai ya shiga ƙaura daga jami'a zuwa jami'a: Munik a 1890, Biyana a 1894, Laifzig a 1900, ya sake komowa Biyana a 1902.

A wancan zamani kuma akwai manyan malamai da ba su yarda akwai ƙwayar zarra ba ma sam, tun da ba wanda ya taɓa ganinta. Cikinsu akwai Ernis Mak, wanda suke jami'a ɗaya a Biyana, da Wilhem Ostwal, masanin harhaɗa sinadarai. A 1895 aka yi babban taro a garin Lubek na Jamus, Bolzman da Ostwal suka kara a gaban jama'a, yawancin samarin masana lissafi suka goyi bayan Bolzman. Duk da haka shi da Ostwal abokai ne, Ostwal ne ma ya yi ƙoƙari aka ba shi aiki a Laifzig. Wannan abin koyi ne ga 'yan ƙungiyar muhawara ta makarantarmu, waɗanda in an kayar da ɗayansu sai ya yi mako ba ya gaisuwa.

A 1896 wani saurayi ɗan shekara 25 mai suna Ernis Zermelo, mataimakin Maks Filank a Balin, ya zo da sabuwar suka. Ya dogara da wani lissafi na Bafaranshe Fuwankare wanda ya nuna cewa ƙwayoyin da aka kulle a wuri ɗaya, in an jira, wata rana sai sun komo kusa da yadda suka faro. Ya ce ke nan entirofi dole wata rana ya sauko. Bolzman ya amsa cewa haka ne, amma a tambayi tsawon jiran. Ya lissafa na ɗan iskar da ba ta fi cikin ɗan ƙaramin cokali ba, ya sami lokacin da shekarun duniya a gabansa ba su kai ƙiftawar ido ba.

Ya rubuta babban littafinsa a kan iskar gas, juzu'i biyu, a 1896 da 1898. Ya je Amurka sau uku, a 1899 da 1904 da 1905. Ɗalibansa suna sonsa don ba shi da girman kai, cikinsu har da Lize Maitina, wadda daga baya ta zama ɗaya daga cikin waɗanda suka gano yadda ƙwayar zarra ke tsagewa. A 1903 da ya fara laccocin falsafa, zauren da aka ba shi ya kasa ɗaukar jama'a. Amma jiki ya fara ƙi. Idonsa ya yi rauni har sai an karanta masa takarda, ga ciwon asma, ga ciwon kai, ga kuma ciwon damuwa mai tsanani wanda ya daɗe yana zuwar masa yana tafiya. A watan Satumba na 1906, watau shekarar da aka yi yaƙin Satiru kusa da Sakkwato, ya tafi hutu da matarsa da 'yar autarsa garin Duwino a bakin teku, wanda yanzu yana cikin Italiya. A can, ran 5 ga wata, ya kashe kansa, yana da shekara 62.

Sau da yawa akan ce masu sukarsa ne suka kai shi ga haka. Amma wanda ya karanta tarihin da kyau zai ga mutumin ba shi da lafiya ne, kuma a lokacin ba a san maganin irin wannan ciwo kamar yadda aka sani yanzu ba. Addininmu ya hana mutum ɗaukar ransa. Abin da ya rage gare mu shi ne, in muka ga ɗan'uwanmu a ɗakin kwana ya daina magana, ya daina cin abinci, ya ware kansa, kada mu mai da shi abin ba'a, mu zauna da shi, mu kuma sanar da malamin gida ko ma'aikacin asibitin makaranta.

Bayan mutuwarsa

Abin tausayi shi ne gaskiyarsa tana bakin ƙofa sa'ad da ya tafi. A 1900 Filank, wanda da ba ya son hanyar Bolzman, da ita ya yi amfani ya warware matsalar hasken da abu mai zafi ke fitarwa. A 1905 Albat Ainishtain ya nuna cewa rawar da ƙananan ɓurɓushi ke yi a cikin ruwa, in an duba da madubin ƙara girma, ƙwayoyin ruwan ne ke dukansu ta ko'ina. A 1908 Bafaranshe Jan Feran ya fara gwajin da ya tabbatar da lissafin, Ostwal kuma ya fito fili ya ce ya yarda. A kan kabarin Bolzman a babbar makabartar Biyana an sassaƙa S = k log W. S ita ce entirofi, W yawan hanyoyi, k kuwa wata lamba ce da ake kira da sunansa, kuma tun 2019 da ita ake kafa ma'aunin Kelbin a duniya duka.

Har maganar nan tasa cewa entirofi yana iya saukowa ta hanyar dace, an gan ta da ido. A 2002 waɗansu masana a Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Kanbera suka riƙa jan wani ɗan mitsitsin dutsen ado na roba a cikin ruwa da hasken leza, suka ga cewa a ɗan gajeren lokaci, wanda bai wuce daƙiƙa 2 ba, wani sa'i entirofi yakan ragu. In lokacin ya yi tsawo, sai doka ta dawo daram. Daidai da wakena huɗu a faifai.

Komawa kan ƙanƙarar Inna

Da na mayar wa Malam littafinsa, muka zauna muka yi lissafin da ya yi mini alkawari. Ya fara da cewa a aji an gajarta dokar ne. Cikakkiyarta ita ce, entirofi ba ya raguwa a cikin abin da aka killace, wanda ba abin da ke shiga ko fita. Ruwan da ke cikin firiza kuwa ba killatacce ba ne, tun da ga waya tana kawo wuta, ga zafi yana fita ta baya.

Kafin kilo 1 na ruwan da ya riga ya yi sanyi ya daskare, sai an cire masa zafi jul 334,000, a matsayin digiri 0, watau 273 a ma'aunin Kelbin. In an raba 334,000 da 273 za a sami kimanin 1,223. Wannan shi ne yawan entirofin da ruwan ya rasa. Ashe abokina ya yi gaskiya, entirofin ruwan ya ragu. Amma zafin nan bai ɓace ba, firiza ta tura shi cikin ɗaki. A ce zafin ɗakin digiri 35 ne, watau 308. Don ɗakin ya sami ƙarin entirofi da ya kai 1,223, dole a zuba masa zafi kimanin jul 377,000. Daga ina za a sami cikon jul 43,000? Daga wutar lantarki, ko daga man janareta. Wannan kuwa ga firizar da ba ta ɓarna ko kaɗan ke nan, wadda ba a taɓa ƙerawa ba. Ta gaske ta fi haka ci nesa, don haka ƙarin da ɗaki ya samu kullum ya fi ragin da ruwa ya yi. Shi ya sa bayan firiza ke da zafi, shi ya sa kuma in wuta ta ɗauke ba mai a janareta, ƙanƙarar Inna ke komawa ruwa, jarinta ya bi ta.

Haka randar kakata take a Bunguɗu, ita da ba ta san waya ba. Ruwa yana tsatsowa ta jikin yumɓu, iska ta kwashe shi ya zama tururi, kowane giram da ya tashi yana tafiya da zafi kimanin jul 2,400. Ruwan da ya saura ya yi sanyi, entirofinsa ya ragu, amma tururin da ya watsu cikin iska ya ƙara fiye da haka. Randa da ruwanta take biya, don haka kullum yake raguwa ko ba a sha ba, kuma ta fi sanyi da rani lokacin da iska ke bushe, fiye da damina.

Sai Malam ya ce in sake lissafin a ce lungun da firiza take zafinsa ya kai digiri 45. Na yi, na sami jul 55,000 maimakon 43,000. Nan take na tuna firizar Inna a manne take da bango, a lungun da rana ke duka tun azahar. Da na je gida na ce mata, Inna, a yi haƙuri a bari mu janye ta daga bango mu kai ta inda iska ke shiga. Ta dube ni ta yi dariya, ta ce ashe bokon har ya kai ga gyara mata sana'a. Amma ta kira ƙanena muka ja ta tare, na kuma share ƙurar da ta toshe bayanta.

Da aka koma makaranta na tara 'yan ɗakinmu na yi musu bayani. Na ce entirofi yana raguwa kullum a wuri ɗaya, a firiza da randa da gona, in dai wani wuri ya ɗauki fiye da abin da aka rage. A cikin abin da aka killace kuma, in ƙwayoyin 'yan kaɗan ne yakan ɗan sauko jifa-jifa, in suna da yawa kamar na kurɓin ruwa, ba mai tsawon ran da zai gani. Mutumin Tsafe ya ce ai shi ya ci gardama, tun da na yarda ya ragu. Na ce ya ci rabi, kamar Loshmit, kuma na gode masa, don ba don tsokanarsa ba da har yanzu haddar dokar kawai nake da ita.

Akwai abu ɗaya da ban gaya musu ba. Daren da na karanta maganar Loshmit ta juya kowace ƙwaya ta bi sawunta, na daɗe ban yi barci ba ina tunanin Baba, ina cewa ina ma a busa usur ɗin nan. Na san ba za a busa ba. Abin da ke tsakanina da shi yanzu addu'a ce, da kuma riƙe karatun da ya sa ni, kamar yadda wancan maraya na Linz ya riƙe nasa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya saka wa iyayenmu mata da alheri, ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe, amin.